Injin wanki mai busarwa a Yamai: abin da na gani bayan damina biyu, hunturu da bazara

A watan Agusta na 2024, lokacin da ruwan sama ya yi ta sauka a Yamai da sauran jihohin ƙasar nan har ambaliya ta rushe gidajen bayin Allah masu yawa, mu Allah ya tsare mu daga asara, amma mun sha wata ƙaramar wahala wadda ba ta kai a ambata a gaban waɗanda suka rasa muhallinsu ba, wato wanki ya ƙi bushewa. Muna haya ne a saman wani bene a unguwar Yantala, ba mu da tsakar gida, igiyar shanyarmu kuwa a wata ƴar baranda take wadda rana ba ta leƙa ta sai bayan la'asar. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kowace safiya ina bukatar farar riga mai tsabta, ga yara biyu masu zuwa makaranta, ga kuma jaririya wadda a lokacin ba ta wuce wata huɗu ba, kuma duk uwa ta san yawan wankin da mai irin wannan watanni take tarawa a yini guda. Na yi mako biyu ina shanya kayan jaririya a kan kujeru ina kunna musu fanka, da safe in shinshina in ji warin danshi, in ɗauki dutsen guga in bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in fita aiki. A ƙarshen wannan wata ne ni da maigida muka yanke shawarar sayen injin da ke wanki kuma ya busar da kansa.

Injin da muka saya mai ƙofa ta gaba ne, faɗinsa santimita 60, tsawonsa wajen 85, kuma nauyinsa ya kusa kilo 70, sai da maza uku suka kama kafin ya hau bene. A wani shagon kayan wuta da ke kusa da Babbar Kasuwa muka same shi, a jere da wani ɗan'uwansa mai wanki kawai, kuma abin da ke tsakanin farashinsu ya isa mutum ya sayi ƙaramin firiji. Mai shagon ya karɓe mu da mutunci, ya ce da ni: «Hajiya, wannan da datti za ki zuba masa, ki dawo ki kwashe ki sa a jiki.» Maganarsa tana da gaskiya a cikinta, sai dai akwai abin da bai ƙarasa ba, kuma abin yana rubuce ɓaro-ɓaro a goshin injin, lambobi biyu, 8 da 5. Ta farko nauyin kayan da yake iya wankewa ce, ta biyu kuma nauyin da yake iya busarwa. Dalili shi ne tufa tana wankuwa ko da gangar ta cika, amma ba ta bushewa sai ta sami sararin da za ta riƙa tashi tana faɗowa iska tana ratsa ta. Saboda haka wanda ya cika gangar da kilo 8 dole ya dawo bayan wanki ya kwashe kilo 3, ko kuwa tun farko ya zuba kilo 5 kacal. A gida mai mutum biyar kilo 5 ba wani abu ba ne, zanen gado biyu da tawul uku da ƴan riguna sun cinye shi. Ban zargi mai shagon da yaudara ba, amma na so a ce shi ya fara gaya mini wannan kafin in gano da kaina.

Dasa shi ya ci mana kuɗin da ba mu sa a lissafi ba. Mai aikin famfo ya ja masa bututun ruwa da na fitar da ƙazanta, ya kwance manyan kusoshi huɗu da ke riƙe da gangar a baya saboda tafiya, waɗanda in aka manta da su injin yakan yi ta tsalle har ya lalata kansa. Mai aikin wuta kuma ya nace sai an ja masa layinsa daban mai wayar ƙasa, aka kuma haɗa shi da na'urar daidaita ƙarfin wuta, wadda muke kira regilater, domin kwakwalwar injin ba ta jure hawa da saukar kuran. Wannan nacewa tasa na gode masa a kanta har yau.

Game da wanki ba ni da ƙorafi ko kaɗan, kuma ina so in faɗi haka a fili kafin in shiga abin da ya dame ni. Yana fitar da datti fiye da yadda hannuna yake fitarwa, wuyan rigunan makaranta da safar yara suna fitowa fes, omon da yake ci bai kai wanda muke ci a baho ba, ruwan da yake sha a wanki ɗaya kuma bai wuce lita 50 ba bisa ga takardar da ta zo da shi. Fararen rigunana na aiki nakan wanke su a digiri 60, abin da ya ba ni natsuwar da ban taɓa samu ba game da abin da nake kwasowa daga asibiti in kawo gidan da akwai jaririya. Kayan da najasa ta taɓa dai har yanzu sai na fara ɗauraye su a bakin famfo kafin in zuba, wannan tarbiyya ce da ba na jin zan bari. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne matsar da yake yi a ƙarshe, inda gangar take juyi 1,400 a minti ɗaya. Tufar da ta fito daga irin wannan matsa ba ta ɗiga, ruwan da ya rage a jikinta bai wuce kusan rabin nauyinta ba, kuma a watan Afrilu in na shanya ta a barandar nan tamu marar rana, kafin in gama girkin rana ta bushe ƙayau. Na daɗe ina tunani a kan wannan, domin na lura cewa mafi yawan abin da nake nema a wurin mai busarwa, matsar nan ce take ba ni shi, ita kuwa matsar ana samunta a injin wanki kawai mai rahusa.

Yadda yake busarwa ne ban fahimta ba sai da na yi wata guda da shi. Wata rana ina kusa da shi yana cikin busarwa sai na ji ƙarar ruwa yana shiga, na ɗauka wani abu ya lalace, na kira mai gyara. Ya saurara, ya ce: «Hajiya, lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi, da ruwa yake shanya.» Ya zauna ya yi mini bayani, daga baya na koma ga littafin injin na tarar haka ne. Injin ba shi da bututun da ke fitar da tururi waje. Akwai wani ƙarfe a samansa da ke zafafa iska, fanka ta hura ta cikin gangar, iskar ta kwaso danshin tufafi, sannan ta bi ta wani lungu a bayan gangar inda ruwan famfo mai sanyi yake tsiyaya a hankali. Da tururin ya gamu da sanyin sai ya koma ruwa, injin ya tura shi magudana tare da ruwan da ya sanyaya shi, iskar kuma ta koma a sake zafafa ta. Haka ake ta zagayawa har kaya su bushe. Ma'anar wannan ita ce busarwar kanta tana shan ruwa mai tsabta tana zubarwa, kuma takardar injin ta nuna cewa wanki da busarwa a haɗe suna kai wa lita 80 ko kusa da haka, alhali an rage kayan zuwa kilo 5. A ƙasar da mata a ƙauyukan Adar suke sammako zuwa rijiya, zuciyata ba ta taɓa kwanciya da jin ruwan nan yana wucewa magudana ba tare da ya wanke komai ba.

Wannan tsari ya dace da ƙasashen Turai, domin can ruwan famfo da sanyinsa yake fitowa kusan duk shekara. Mu a nan ruwanmu daga tanki yake saukowa, tankin kuwa a kan rufin bene yake, rana tana dukansa tun hantsi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40 kusan kullum, ruwan da ke fitowa a famfo da azahar ko alwala ba a iya yi da shi sai an tara ya huce. Ruwan da ya yi ɗumi haka ba ya iya mayar da tururi ruwa yadda ya kamata, saboda duk aikin ya dogara ne a kan bambancin zafi tsakanin iskar da ruwan. Na gwada sau biyu a bazara don in tabbatar, kuma a duka biyun injin ya ƙara lokaci a kan wanda ya nuna da farko, kayan suka fito da zafi kamar an sauke su daga tukunya, amma ƙugun wanduna da bakin tawul da sauran laima. Daga nan na daina busarwa da rana a bazara gaba ɗaya. Haka nan in famfo ya ɗauke ana tsakiyar busarwa, aikin ya tsaya ke nan ko da akwai wuta. Kuma injin yana son ruwa mai ƙarfi, tankin da bai yi sama sosai ba ba ya ba shi abin da yake so, domin sai tanki ya yi tsawon mita 10 a saman famfo kafin ƙarfin ruwan ya kai «bar» ɗaya, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin turowar ruwa da shi. Mu da muke hawan ƙarshe, tankin yana saman kanmu da mita kaɗan, sai da muka ƙara ɗan injin tura ruwa.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya fi taɓa aljihu. Wanki shi kaɗai a ruwa mai ɗan ɗumi ba ya cin kilowat-awa ɗaya a mitar wuta, wato abin da muke ce wa kilowat a taƙaice, amma da an haɗa da busarwa sai lissafin ya haura kilowat 3. Da farko na ɗauka rashin ingancin injin ne, sai maigida, wanda malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, ya ɗauki takarda ya nuna mini cewa ba inda injin zai gudu. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta koma tururi tana bukatar zafin da ya kai kashi shida cikin goma na kilowat da ɗan ɗoriya, ko a tukunya take ko a jikin riga. Kilo 5 na tufar auduga da aka matse yana riƙe da ruwa wajen lita biyu da rabi, ke nan tun kafin a yi maganar zafin da ke salwanta a jikin ƙarfe da wutar da fanka da gangar suke ci, an riga an ci fiye da kilowat ɗaya da rabi. Wannan zafi shi ne rana take ba mu kyauta a kan igiya. Kuɗin wuta a ƙasar nan kuma hawa-hawa ne, duk yadda cin gida ya ƙaru haka farashin kowane kilowat yake ƙaruwa, saboda haka wutar da busarwa take ci tana faɗawa ne a hawa mafi tsada, musamman a watannin da na'urar sanyaya ɗaki take aiki. A watanni biyu na farko, lokacin da ɗokin sabon abu ya sa nake busar da komai a ciki, sai da muka riƙa sayen wuta tun kafin lokacin da muka saba. Akwai kuma iyakar ƙarfin da aka yi wa mitar kowane gida. Ƙarfen zafin injin yana jan sama da kilowat ɗaya shi kaɗai, in aka kunna dutsen guga da na'urar sanyi a tare da shi a gidan da aka yi wa rajistar kilowat 3, makunnin tsaro yakan faɗi gidan ya yi duhu. Ya faru da mu sau da dama kafin mu koyi jera ayyukanmu.

Lokacin da yake ɗauka shi ma abin dubawa ne. Wanki da busarwa a jere, na kilo 4 zuwa 5, ba ya kasa awa biyar a wurina, tsarin da aka ce na tattalin wuta kuwa ya fi haka tsawo nesa. Awa biyar na wuta ba yankewa ba abu ne da mutumin Yamai zai yi alkawari a kansa ba a lokacin zafi. Duk mun tuna yadda aka kasance daga Agustan 2023, da aka katse layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu daga Najeriya, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa na tsawon watanni; tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage raɗaɗi, layin ma ya dawo a 2024, amma har yanzu bazara ba ta wucewa ba tare da ɗauke-ɗauke ba. Abin yabo a nan shi ne injin yana tuna inda ya tsaya, da wuta ta dawo yakan ci gaba da kansa. Abin da ba shi da daɗi kuma shi ne ƙofarsa tana kulle muddin cikinsa da zafi, kuma tufa mai ɗumi da danshi in ta kwana a rufe, da safe warin fumfuna take yi, sai an sake ɗauraye ta. Ƙaramin janareto irin na gida ba ya ɗaukar busarwa, haka ma ƙananan batura na hasken rana da yawancin mutane suke da su don fanka da fitila.

A kan tufafi kuwa, sakamakon ya danganta da irin yadin. Tawul yana fitowa da laushin da igiya ba ta taɓa ba shi ba, domin ranar Yamai takan mayar da tawul kamar busasshiyar fata, haka ma kayan sanyi na yara da ƙananan barguna. Rigunan auduga masu miƙewa sun ɗan tsuke bayan busarwa uku ko huɗu, har wasu daga cikin na ɗana suka koma na ƙanwarsa kafin lokaci. Zanen gado yakan nannaɗe ya dunƙule, bayansa ya bushe cikinsa da danshi, sai an tsayar an warware shi. Atamfa tana bushewa da sauri amma tana fitowa a yamutse, gugarta ta fi wahala a kan wadda aka baza a igiya. Hijabai da mayafai na roba da duk abin da aka manna wa duwatsu ko aka yi wa aikin zare mai ƙyalli ba na kusantar da su, zafin yana iya sakin gam ɗin ya kuma lalata yadin. Shadda kuwa, ina roƙon duk mai karanta wannan kada ya gwada. Na yi kuskuren sa wata rigar maigida sau ɗaya, ba ma mai tsada sosai ba, ta fito ƙyallinta ya dushe, jikinta ya saki, ga layukan karaya da guga ba ta iya shafewa ba. Shadda tana son wankin hannu da sitaci da bugu, kuma ba a yi wannan injin da sanin akwai ta a duniya ba. Na koyi duba ƴar takardar da ke wuyan tufafin kanti, inda hoton da'ira a cikin murabba'i yake nuna an yarda a busar a inji, ɗigo ɗaya zafi kaɗan, ɗigo biyu zafi sosai, in kuma an gicciye shi to an hana. Sai dai mafi yawan suturarmu daga wurin tela take fitowa, ba ta da irin wannan takarda, mutum da hankalinsa zai yi aiki.

Saboda haka mai wankin da ya shekara shida yana zuwa mana duk Asabar bai rasa aikinsa ba. Yana cikin masu wankin nan da ake gani a bakin kogi kusa da gadar Kennedy, sun baza kaya kala-kala a kan gaɓa. Ranar da ya fara ganin injin ya yi shiru, na ga damuwa a fuskarsa, na ce masa: «Baba, manyan kaya da guga naka ne har gobe.» Kuma haka aka yi, shi ke ɗaukar shadda da lesuka da manyan riguna, injin yana ɗaukar wankin yau da kullum.

Duk da abin da na lissafa, akwai lokuta biyu a shekara da nake gode wa Allah da na sayi mai busarwa. Na farko tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin da hadari yakan kwana biyu a sama iska ta cika da laima. A lokacin ruwan tanki yana da sanyi, saboda haka injin yana aiki yadda aka tsara shi, kuma bukatar wuta a gari ta ragu, ɗaukewa ba ta kai ta bazara ba. A daminar 2025 ƴar autarmu ta yi fama da amai da gudawa na kwana uku, ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, a dare ɗaya ta ɓata zanen gado uku da kusan duk rigunanta. Na zuba su da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da na tashi sallar asuba na kwashe su a bushe da ɗuminsu na shimfiɗa mata. Wanda bai taɓa tsayawa da yaro marar lafiya a hannu yana neman busasshen zane a gida ya rasa ba, da wuya ya gane darajar wannan. Na biyu kuwa shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma wannan ban zata ba sam. A hunturu kaya suna bushewa a igiya cikin ɗan lokaci, amma a ranakun da hazo ya rufe gari farar riga takan sauko ja-ja, ƙura ta shige cikin zarenta tun tana da danshi. Ɗana na biyu yana da ciwon asma, kuma na lura cewa tun da na fara busar da zanen gadonsa da rigunan barcinsa a cikin inji a irin waɗannan ranaku, tarin dare ya yi masa sauƙi. Ba zan ce injin magani ba ne, maganinsa yana nan yana sha, amma rage ƙurar da yake kwana a kanta abu ne da kowane ma'aikacin lafiya zai ba da shawara a kai.

Mahaifiyata ta zo daga Tawa ta yi mana wata guda a cikin kaka. Ta tsaya ta kalli gangar tana juyawa na ɗan lokaci, ta tambaye ni nawa yake ci, na gaya mata. Ta ce: «Ƴar nan, wanki dai na yarda, ya hutar da bayanki. Amma ranar Allah ga ta nan a waje, me ya sa za ki sayi wata?» Na ce: «Inna, ranar ba ta shigowa barandar nan kamar yadda take shiga tsakar gidanki.» Ta gyaɗa kai, ta ce tufar da ba ta sha rana ba ita ba ta jin ta tsarkaka. A wannan ma tana da hujja, domin hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana ƙara wa farar tufa haske, ko da yake shi ne kuma yake cinye launin atamfa in aka bar ta ta daɗe. Har ta koma ba ta yarda an busar da zanenta ko ɗaya a ciki ba, ni ma ban matsa mata ba.

Kula da shi yana son naci. Injin busarwa mai zaman kansa yana da rariyar da ke tare ɓurɓushin zare a bakin ƙofa, wannan kuwa ba shi da ita, ɓurɓushin yakan manne a robar bakin ƙofa da jikin gilashi, sauran ya gangara wurin matatar da ke ƙasa. Bayan kowace busarwa sai na bi robar da tsumma mai danshi, in ba haka ba wanki na gaba ya fito da gashi-gashi a jikin baƙaƙen kaya. Matatar ƙasan nakan buɗe ta sau biyu a wata, kuma abin da nake samu a ciki, yashi da zare da tsabar dala-dala daga aljihun yara, ya nuna mini cewa wankin Yamai ya fi wanda masu ƙera shi suka yi tsammani ƙasa. Sau ɗaya a wata kuma nakan bar shi ya wanke kansa ba kaya. A wata na goma busarwar ta yi rauni ƙwarai, na koma shagon tun da garantin shekara ɗaya bai ƙare ba. Sun turo mai gyara bayan kwana huɗu da kira uku, ya buɗe saman injin ya ciro dunƙulen zare daga hanyar iska, bai karɓi ko dala ba. Ya yi aikinsa da kyau, amma ya gaya mini gaskiya cewa da fankar ce ko kwakwalwar ta ƙone, sai an yi odar kayan daga waje, kuma ana iya jira makonni. A nan ne haɗa aiki biyu a inji ɗaya yake da haɗari, domin in ɓangaren busarwa ya kwanta a hannun mai gyara, wankin ma ya tsaya tare da shi.

Daga baya na sami labarin wani sabon nau'i da ke busarwa da dabarar firiji, inda gas ɗin da ke zagayawa yake sanyaya iskar a gefe ɗaya ya zafafa ta a ɗayan. Shi ba ya shan ruwa wajen busarwa, wutar da yake ci kuma ba ta wuce kusan rabin ta irin nawa ba, zafinsa ma bai kai ba, saboda haka ya fi tausaya wa tufa. Amma tsadarsa ta fi, kuma masu ƙera irinsa sukan rubuta cewa a ajiye shi a wurin da zafi bai wuce digiri 35 ba, sharaɗin da ɗakin wankinmu ba ya cikawa daga Maris zuwa Yuni.

In na ƙirga a tsanake, a cikin wata goma sha biyu bai fi wata huɗu nake taɓa maɓallin busarwa ba, a cikin huɗun ma ba kowane wanki ba, sai kayan yara da zanen gado da rigunan aikina. Ga mai zama a bene irina, ko a gidan haya mai igiya ɗaya da ake layi a kanta, mai ƙananan yara ko marar lafiya a gida, ko mai aikin da ba ya barinsa ya dawo ya kwashe shanya in hadari ya taso, ina ganin ƙarin kuɗin ya cancanta, muddin ya shiga da sanin cewa kilo 5 zai busar, da dare zai fi yi, kuma zai biya a mitar wuta da ta ruwa. Ƙanwata da ke aure a Tawa ta kira ni kwanan baya tana son ta sayi irinsa, sai na tambaye ta ko tana da tsakar gida, ta ce har da bishiyar dalbejiya a ciki. Na tuna mata cewa ruwan saman Tawa bai kai na Yamai ba, iskarsu ta fi tamu bushewa, famfonsu kuma yakan yi kwanaki yana wasa a bazara. Na ce ta sayi mai wanki kawai, amma ta duba da kyau ya kasance mai juyi 1,200 ko 1,400, ragowar kuɗin kuma ta sayi regilater mai kyau da tanki, ta kuma sa a kafa mata ƴar rumfa a kan igiyar shanya saboda ƙura da yayyafi. Ta bi shawarar, an dasa mata shi a makon jiya.